Yadda Ake Zuwa Wasan Dusar Ƙanƙara a Dutsen Uludağ: Tikiti, Hayar Kaya da Wuraren Ziyara a Bursa

Da zarar sanyi ya kama a Turkiyya, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan kasuwa masu zuwa sari Istanbul da ɗaliban da ke karatu a can: ina ne kusa da mutum zai je ya taka dusar ƙanƙara, ya gwada wasan zamiyar nan, kuma me da me ake biya? Wurin shi ne dutsen Uludağ (ana furta shi kamar "Uludaa", harafin ƙarshen ba ya fita), wanda ya yi wa birnin Bursa rumfa. Ƙololuwarsa mita 2,543 ce, filayen wasan kuma suna farawa daga wajen mita 1,800. Jagorar nan ta ɗauka kana da biza, kuma ka riga ka sauka a Istanbul.

Abin da ke cinye kuɗin baƙo a banza shi ne zaton tikiti ɗaya ake saya. Kuɗin hawa dutsen daban, hayar kaya daban, kuɗin mai koyarwa daban, katin na'urorin da ke kai mutum saman gangara shi ma daban, kowanne da tagarsa da mai karɓarsa. Wanda ya saye su a birkice yakan biya abin da ba zai taɓa mora ba. Farashi yana sauyawa kowace shekara saboda faɗuwar darajar lira, don haka ka duba shi a shafin masu wurin ana gobe za ka tafi. Abin da ba ya sauyawa shi ne wanne ake fara saye, wanne ake bari sai daga baya.

1. Zaɓen rana

A shekara mai kyau ana wasa daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Maris, amma Janairu da Fabrairu ne ba sa ba da kunya. A Disamba kana iya hawa ka tarar da ciyawa da taɓo.

Ka je tsakanin Talata da Alhamis. Asabar da Lahadi mutanen Istanbul ne ke kwararowa, layin motar igiya (akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe suna kai mutane saman dutsen) kaɗai yana iya cin awa guda ko fiye. Haka kuma makarantun Turkiyya suna hutun makonni biyu daga ƙarshe-ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. A wannan lokaci otal ya fi tsada, filin koyo kuma ba masaka tsinke.

Gargaɗi: ana gobe tafiya ka duba ƙarfin iska, ba yawan dusar kaɗai ba. Bursa tana da wata iskar kudu maso yamma da ake kira lodos. In ta taso ana tsayar da motar igiya da kujerun hawa, wani lokaci har jiragen ruwan da ke zuwa daga Istanbul ana soke su, kuma tana narkar da dusar ta mayar da ita kamar kunu. Rana mai lodos rana ce ta yawon cikin gari.

2. Lafiya da inshora

Wannan matakin ya fi shafar mu fiye da yawancin masu zuwa wurin. Mai ciwon sikila, sanyi mai tsanani da ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu da ƙishirwa duk suna tayar masa da ciwon, ga su nan kuwa a haɗe wuri guda. Kada ya hau sai likitansa ya amince, kuma ko an amince, ya tsaya a kallo da hoto na ɗan lokaci. Mai AS ma ya san matsayinsa: ya yawaita shan ruwa, ya guji wahalar da jiki, in ya ji ciwo a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari ya sauko ya nemi asibiti. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun ciki, kusa da jiki, ya rufe baki da hanci da mayafi don iskar ta ɗan yi ɗumi kafin ta shiga ƙirji. Mai juna biyu ba ta wasan zamiya.

Inshorar tafiya da aka yi don neman biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasannin hunturu. Karanta takardar. In babu, ana iya ƙara wannan ɓangaren na 'yan kwanaki, kuma kuɗinsa bai kai kashi kaɗan na ɗaurin karayar ƙafa a asibitin kuɗi ba. Lambar gaggawa a duk Turkiyya ita ce 112.

3. Tufafi: saye su a gari

Duk mita 1,000 da aka hau, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6. In Bursa tana digiri 5, wurin wasan yana ƙasa da sifili kafin ma a lissafa iska. Ba da riga ɗaya mai kauri ake maganinsa ba, hawa uku ake sawa:

- Na jikin fata: riga da wando masu manne wa jiki na roba ko ulu, Turkawa na ce musu termal içlik. Ban da auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka.
- Na tsakiya: suwaita.
- Na waje: jaket da wando waɗanda ruwa ba ya ratsa su. Waɗannan biyun ana hayarsu a kan dutsen, ba sai ka saya ba in zuwa ɗaya za ka yi.

Safar hannu mai hana ruwa, doguwar safar ƙafa mai kaiwa gwiwa, hular sanyi da abin rufe wuya, waɗannan ka saye su a Istanbul ko Bursa. A sama ana sayar da su, amma da farashin wanda ya san ba ka da mafita. Wandon jins shi ne kuskuren da ya fi yawa: faɗuwa biyu ya jiƙe, na uku ya sandare.

Ga mata: hijabi gajere mai shiga cikin jaket, mara allura, yana zama daidai a ƙarƙashin hular kwano. Doguwar abaya ko mayafi mai lilo haɗari ne a kan kujerar igiya, yana iya maƙalewa a ƙarfe daidai lokacin sauka. Akwai dogayen jaket masu kaiwa cinya ko gwiwa, su ne mafita.

Kada a manta da tabarau mai duhu da man kariya daga rana. Dusar tana dawo da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, ido yana ƙonewa ba tare da ka ji ba, sai da dare ya fara yaji kamar an zuba masa yashi. Baƙar fata ba ta kare ido, leɓe kuma yana tsagewa fiye da na lokacin hunturun gida.

4. Daga Istanbul zuwa Bursa

Hanya uku ce. Jirgin ruwa mai sauri: na kamfanin BUDO yana sauke fasinja a Mudanya, na kamfanin İDO kuma daga Yenikapı zuwa Güzelyalı, tafiyar kimanin awa biyu. Daga tashar ruwan sai bas zuwa tashar metro, sannan metro zuwa tsakiyar gari. Ka sauka a Şehreküstü in kusa da tsohuwar kasuwa ka nufa. Ka sayi katin sufurin birnin tun a tashar ruwa. Hanya ta biyu babbar bas ce ta kan gadar Osmangazi, awa biyu da rabi zuwa uku gwargwadon cunkoson fita Istanbul. Ita iska ba ta hana ta tafiya.

Ta uku ita ce yawon yini ɗaya da ake tallatawa a unguwannin baƙi kamar Sultanahmet da Taksim da Aksaray. Yana da sauƙi, amma ka san me kake saye: ana ɗaukar ka da safe a dawo da kai da dare, a tsakani a tsaya shagunan alewa da zuma, lokacin da za ka yi a kan dusar bai cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Ya isa hoto, bai isa koyo ba. In ka zaɓe shi, ka sa a rubuta maka ko kuɗin motar igiya yana ciki, kuma hawa da sauka ne ko ɗaya kawai.

5. Masauki

Kwana a Bursa, ka hau da safe ka sauko da yamma. Otal-otal na kan dutsen suna ninka na gari sau da dama, yawanci suna haɗawa da abinci, wasu kuma ba sa ba da ɗaki na dare ɗaya a ƙarshen mako. Sun dace da wanda ya iya wasan kuma zai yi kwana uku ko huɗu. Mai zuwan farko ya nemi ɗaki kusa da Ulu Cami, babban masallacin garin, ko a unguwar Çekirge inda otal da yawa ke da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa.

Ka canji kuɗi a gari. Riƙe lira a hannu don ƙananan motoci da jinginar kayan haya da shayi, kada ka dogara da katin banki ɗaya, balle na gida wanda kan ƙi aiki a waje ba sanarwa.

6. Tikitin farko: hawa dutsen

Motar igiya, wato teleferik, tana tashi daga unguwar Teferrüç. Tasi zai kai ka, ko ƙananan motocin haya da ake kira dolmuş daga Heykel, a tsakiyar gari, masu rubutun Teleferik a gaba. Tsawon layin ya kusa kilomita 9, kowane akwati yana ɗaukar mutum 8, tafiyar kuma minti 20 zuwa 30 ce. Tashoshin su ne Teferrüç, Kadıyayla, Sarıalan, sai ta ƙarshe a yankin otal-otal, Oteller.

A taga ka nemi gidiş-dönüş, wato zuwa da dawowa. Tek yön tafiya ɗaya ce. Farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Riƙe fasfo, ɗalibi ko mai takardar zama kuma ya nuna katinsa ya tambaya ko akwai rangwame kafin ya miƙa kuɗi. Ajiye tikitin a aljihu mai zif, da shi za ka sauko.

Gargaɗi: mutane da yawa suna sauka a Sarıalan da zaton sun iso, saboda can ne suka fara ganin fari fat. Sarıalan wurin shaƙatawa ne, da itatuwa da wuraren gasa nama, ya dace da iyali masu ƙananan yara da ke son jifa da dusa kawai. Filayen zamiya suna tashar ƙarshe. Ka tabbata tikitinka har Oteller ne.

Kafin ka bar tashar sama, karanta lokacin son sefer, tafiyar ƙarshe, ka ɗauki hotonsa.

Ta mota kuwa kilomita 36 ne na kwana-kwana daga gari. Dutsen gandun ƙasa ne tun 1961, ana biyan kuɗin shiga na mota a ƙofar gandun, kuma in dusa ta rufe hanya jandarmomi ba sa barin mota ta wuce ba tare da tayar hunturu ko sarƙa ba. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba kada ya fara a nan. Akwai dolmuş masu hawa daga gari, su ne kuma abin komawa ranar da iska ta tsayar da motar igiya.

7. Tikiti na biyu: hayar kaya

Yankin otal-otal kashi biyu ne, 1. Bölge da 2. Bölge, da ƙananan motoci a tsakaninsu. Shagunan haya suna da rubutun kiralık. Akwai wasu ma a gari kusa da tashar ƙasa da bakin hanya, sun fi araha, sai dai in takalmin ya matse ka a sama ba inda za ka canza. Mai koyo ya yi haya kusa da filin da zai yi wasa. Zaga shago biyu ko uku, ana taya farashi, musamman in kuna da yawa.

Cikakken saiti shi ne allunan zamiya biyu, takalma da sanduna biyu. Hular kwano da tabarau da jaket yawanci kuɗinsu daban, ka tambaya. Karɓi hular kwano ko da ba a tilasta ba.

Takalmi shi ne rabin wasan, a nan za ka ɓata lokaci. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, mai ƙafar santimita 27 lamba 27 zai nema. Sa safa guda ɗaya tak. Safa biyu suna naɗewa su toshe jini, ƙafa ta fi yin sanyi. Kada ka cusa ƙafar wando a ciki, wandon waje a kan takalmin yake sauka. Zura ƙafa, buga diddige a ƙasa, ɗaure maɗauran daga ƙasa zuwa sama. In kana tsaye sak, yatsu su ɗan taɓa gaba. In ka lanƙwasa gwiwa ka jingina ƙwauri a harshen takalmin, yatsun su janye, diddige kuma kada ya ɗaga. Yi tafiyar minti biyar a cikin shagon. Wurin da ya ɗan cije ka yanzu, bayan awa guda kuka zai sa ka, don haka a canza.

Allon mai koyo gajere ne: in an tsayar da shi ya kai tsakanin haɓa da hanci. Mai shago zai tambayi nauyinka da tsayinka da iyawarka don saita ƙarfen da ke riƙe takalmi. Faɗi gaskiya. An yi ƙarfen ne ya saki ƙafa idan ka faɗi. In ka ƙara wa kanka iyawa aka ɗaure shi da ƙarfi, allon ba zai fita ba, gwiwa ce za ta murɗe. In ka rage nauyi kuma zai riƙa fita kana cikin tafiya. Ce musu acemi, wato sabon shiga.

Gargaɗi: za a nemi jingina. Ba da kuɗi ko wani katin shaida, kada ka bar fasfo. Ɗauki hoton allunan da lambarsu a gaban mai shago, saboda tsohon karce da kuma ruɗewa, domin a ƙofar gidan abinci alluna ɗari ne iri ɗaya. Tambayi ƙarfe nawa ake mayarwa da inda za ka ajiye takalmanka.

8. Mai koyarwa kafin kati

Nan ne ake asarar da ta fi kowacce. Mutum yana fitowa daga shago sai ya nufi taga ya sayi katin yini guda, alhali awa biyun farko a fili kusan shimfiɗaɗɗe zai yi su, yana koyon tsayuwa. Kar ka sayi kati tukuna. Nemi mai koyarwa, ana ce masa hoca (hoja), ta ofishin makarantar wasan ko ta shagon haya, ba wanda ya tare ka a hanya ba. Ana biya ne a kan awa. Ku daidaita abu huɗu kafin a fara: awa nawa, mutum nawa, da wane harshe, kuma kuɗin hawa yana ciki ko a'a. Awa biyu a ranar farko sun isa. Mutum biyu ko uku masu ƙarfi ɗaya suna iya raba malami guda.

Abin da ya kamata ka fita da shi, bi da bi:

Sa allo da cire shi. Kakkaɓe dusar ƙasan takalmi, sa yatsu a gaba, taka diddige har ka ji ƙas. In ƙarfen baya ya riga ya rufe, danna shi ya buɗe tukuna. A kan gangara, a gicciye ake ajiye allo, a fara sa na ƙafar da ke ƙasa.

Tsayuwa. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙwauri a jingine da gaban takalmi, hannuwa a gaba kamar mai riƙe da tire. Tsoro yana sa mutum ya koma baya kamar zai zauna, da ya yi haka allunan sai su tsere daga ƙarƙashinsa.

Birki. Haɗa kawunan allunan kusa da juna, buɗe bayansu, su yi siffar bakin garma. Turkawa ma kar sapanı suke ce masa, garmar dusa. Iya buɗewar diddige iya ƙarfin birki. Sanduna ba birki ba ne. Wanda ya soka sanda a gabansa yana gudu, cikinsa ko haƙoransa za su karɓa.

Juyawa. Danna ƙafar dama ka tafi hagu, danna ta hagu ka tafi dama. Inda ka kalla can za ka nufa, saboda haka daina kallon bishiyar da kake tsoro.

Faɗuwa da tashi. Faɗi ta gefe, a kan cinya, kada ka tokare da tafin hannu. Don tashi, juya har allunan su koma ƙasa da kai kuma a gicciye da gangara, sannan ka tura jiki sama. In ya gagara, cire allo ɗaya, ba abin kunya ba ne.

9. Tikiti na uku: katin hawa

Sai malami ya ce kana iya tsayawa inda kake so, sannan ka je taga. Katin, skipass, iri-iri ne: tek çıkış hawa ɗaya, akwai na adadin hawa, na 'yan awoyi ko rabin yini, na yini wato günlük, da na kwanaki. A ranar farko na hawa kaɗan ko na rabin yini ya wadatar. Lissafin mai sauƙi ne: raba kuɗin yini da kuɗin hawa ɗaya, in amsar ta fi yawan hawan da ƙafarka za ta iya, bar shi. Sabon shiga da wuya ya wuce hawa biyar ko shida kafin cinya ta fara rawa.

Gargaɗi: na'urorin hawa a Uludağ ba hannu ɗaya ke tafiyar da su duka ba. Nuna wa mai taga ainihin wadda za ka hau, ka tambaya ko katin yana buɗe ta. Tambayi kuma ko akwai depozito, kuɗin jinginar kati da ake mayarwa in ka dawo da shi. Ba a saba mayar da kuɗi don iska ta tsayar da aiki ba, wani dalilin ke nan na ƙin sayen na kwanaki tun ranar farko. Sa katin shi kaɗai a aljihun hannun hagu ko na ƙirji, nesa da waya da katin banki, ƙofar za ta karanta shi ta cikin riga. Ba a ara wa wani, ana ƙwacewa.

Mai son hawa kallo kawai ba tare da allo ba, ya tambayi kujerun da ke ɗaukar masu tafiya a ƙasa, ya sayi na hawa da sauka.

10. A kan gangara

Launin alama shi ke nuna wahala: kore na koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. Kafin ka hau kowace kujera, duba taswira ka tabbata akwai kore ko shuɗi da ke saukowa daga inda za ta ajiye ka. Kapalı yana nufin a rufe.

Na'urorin iri uku ne. Bel mai tafiya na filin koyo, tsayawa kawai ake yi. Teleski sanda ce mai faifai ko ƙugiya da ke jan mutum yana tsaye a kan allunansa: kada ka zauna a kanta, ba kujera ba ce, zama shi ne faɗuwa, in ka faɗi, saki, ka mirgina gefe. Telesiyej ita ce kujerar igiya: cire madaurin sanduna daga wuyan hannu, riƙe su a hannu ɗaya, waiga ka ga kujerar, zauna, a sauke ƙarfen kariya. Wajen sauka a ɗaga ƙarfen, ɗaga kawunan alluna, miƙe idan sun taɓa ƙasa, ka zame gaba ka ba na baya wuri. Jakar goyo a dawo da ita ƙirji.

Dokar hanya: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, kai za ka kauce masa. Kada ka tsaya a tsakiya, ko a ƙunci, ko bayan tudun da na sama ba ya hango ka; hoto a gefe ake ɗauka. Kafin ka shiga fili, dubi sama. In wani ya ji rauni, kafa alluna biyu a gicciye sama da shi don masu saukowa su gani, kada a motsa wanda ya bugu a wuya ko baya, a kira 112 ko a gaya wa ma'aikacin na'ura mafi kusa.

Hazo yana rufe dutsen nan cikin 'yan mintuna, har ka kasa bambance sama da ƙasa. Kada ka ƙetare sandunan iyaka ko ka shiga daji neman hanyar yanke. Kusan duk waɗanda jandarmomin ceto ke fita nema haka suka fara.

Yara da waɗanda ba sa son allo suna da kızak, abin zama a zame, a filinsa na musamman, ba a cikin masu alluna ba. Masu babur ɗin dusa da masu ɗaukar hoto za su yi ta kiranka. A yanke farashi da tsawon lokaci kafin ka hau ko ka tsaya.

11. Salla, abinci da saukowa

Ranar hunturu gajera ce, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 saura a Disamba da farkon Janairu, na'urori kuma suna rufewa kafin nan. Yi alwala a masauki kafin ka fito, domin cire takalmin zamiya a wanke ƙafa da ruwan sanyi aiki ne. Ɗakin salla ana rubuta masa mescit. In ka sake alwala, tsane ƙafa sarai kafin safa, kuma ka riƙe safa ta biyu busasshiya a jaka.

Abincin sama yana da tsada. Ka taho da ruwa, dabino da burodi. Abin da aka fi saye shi ne sucuk ekmek, tsiran naman sa a cikin burodi, da salep, wani abin sha mai kauri na madara da kirfa. Duba farashi a rubuce kafin ka zauna. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sha ruwa ko ba ka ji ba. Waya a aljihun ciki, sanyi yana zuƙe batir.

In yatsu suka yi fari suka mutu, shiga ɗaki, sa su a hammata ko a ruwa mai ɗumin jiki. Kada a murza, kada a kanga su a wuta ko hita, fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba ka sani ba.

Daina wasa tun da sauran ƙarfi, raunuka sun fi faruwa da la'asar idan ƙafa ta gaji kuma dusar ta fara daskarewa. Mayar da kaya, karɓi jinginarka, ka kama layin sauka aƙalla awa guda kafin tafiyar ƙarshe.

12. Washegari: cikin Bursa

Jiki zai yi tsami, ranar ta yawo ce a hankali. Bursa ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko, Orhan Gazi ya ci ta a 1326, kuma yawancin abin gani kyauta ne, masallatai da kaburburan sarakuna ba a biyan ko sisi.

Fara da Ulu Cami, wanda Sarki Bayezid na Ɗaya ya gina tsakanin 1396 da 1399. Ƙubbobi 20 ne, da wurin alwala mai ruwa a tsakiyar masallacin kansa, bango da ginshiƙai kuma cike da manyan rubuce-rubucen Larabci, wasu harafi ɗaya ya fi tsayin mutum. Wanda ya taɓa riƙe alƙalami da tawada a makarantar allo zai daɗe a nan. Je da hantsi tsakanin salloli. Ranar Juma'a sai ka yi sammako kafin ka sami sahu. Ana ba da leda ko wurin ajiye takalmi a ƙofa.

Daga ƙofarsa kasuwa ce. Koza Han, na shekarar 1491, shi ne zangon fataken siliki, har yau kuma mayafan siliki ake sayarwa a benensa, da masu shayi a tsakar gida. Ba duk mai sheƙi ne siliki ba. Duba takardar jiki, ipek shi ne siliki, kuma a taya. Tawul ɗin Bursa ma sananne ne. Masu sarin kayan jarirai da na yara su nufi Vişne Caddesi, amma wannan yini guda yake ci shi kaɗai.

Tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙafa, da ɗan hawa, za ta kai ka Tophane, inda kaburburan Osman Gazi, wanda ya kafa daular, da ɗansa Orhan suke, da hasumiyar agogo da wurin hango gari duka. Ta gabas kuma, bayan ƙetare rafi kusa da gadar Irgandı mai shaguna a kanta, akwai masallacin Yeşil Cami da Yeşil Türbe, kabarin Sarki Mehmed na Ɗaya mai ado da tayil kore-shuɗi. Wasu gidajen tarihi ne ake biya, kuma yawancinsu ba sa buɗewa ranar Litinin.

Ƙauyen Cumalıkızık yana wajen kilomita 10 gabas da tsakiyar gari, ya shiga jerin UNESCO tare da Bursa a 2014. Metro zuwa tashar Cumalıkızık, sannan ƙaramar bas. Gidajen katako ne masu launi da lunguna na dutse da ruwa ke bi ta tsakiyarsu; a hunturu duwatsun suna santsi, sa takalmi mai riƙo. An san shi da karin kumallo, da safe ake zuwa. Wanda ya hau dutsen ta mota kuma zai iya tsayawa a İnkaya ya ga bishiyar da ta haura shekara 600.

Abincin rana İskender kebap, a nan garin aka faro shi: yankakken nama a kan gutsattsarin burodi, da miyar tumatir da kindirmo, a kwararo narkakken man shanu a gabanka. Tsarabar gida kuwa kestane şekeri, wani ɗan itace da ake dafawa a sukari. Sayi na kwali a rufe in za ka sa a akwati. Da yamma ka ƙarasa Çekirge ka shiga wankan ruwan zafi, Eski Kaplıca na da ɓangaren maza daban na mata daban. Tambayi lokutan mata tun da rana, ka je da gajeren wando mai rufe gwiwa, kuma mai hawan jini kada ya wuce minti 10 zuwa 15 a cikin tafkin.